Tambayar Matsala da Harshen Kantonis: Amsa ga Mai Shirin Zuwa Sari Guangzhou da Hong Kong

Alhaji, ka ce kana da shago a Kantin Kwari, kana shirin zuwa Guangzhou sarin yadi, daga nan ka leƙa Hong Kong. Kana son 'yan kalmomin Kantonis da za ka tambayi matsala da su: me ya faru, kayan lafiya suke, me ya hana su isowa, yaya za a yi. Zan ba ka su. Amma akwai abin da ya kamata ka sani tukuna, don kada ka yi hadda a banza.

Ba kowane Basine da za ka tarar a Guangzhou ne yake jin Kantonis ba. Harshen na mutanen lardin Guangdong ne da wani ɓangare na Guangxi, sai Hong Kong da Makau, kuma masu magana da shi sun haura miliyan 80. Sai dai kasuwannin sarin Guangzhou cike suke da 'yan ci-rani daga wasu lardunan, Hubei da Hunan da sauransu, waɗanda Mandarin suke yi, wato Sinancin makaranta da gwamnati. Kasuwar yadi ta Zhongda ma an san ta da mutanen Hubei. Shenzhen kuwa, tun da aka mai da ita yankin tattalin arziki na musamman a 1980 baƙi suka cika ta, Mandarin ya rinjaya. Idan tafiyar ta kai ka Yiwu ko Keqiao, can lardin Zhejiang ne, Kantonis ba zai saya maka ko ruwan sha ba. Inda zai yi maka rana shi ne Hong Kong, inda kusan mutum 9 cikin 10 shi suke yi a gida, da wurin 'yan asalin Guangzhou, da garuruwan kewaye irin su Foshan da Zhongshan. Tsohon direban tasi, mai gidan haya, mai gyaran waya, mai masana'antar da ya gaji ubansa: waɗannan su ne fuskarsu ke sakewa idan baƙo ya yi musu harshen uwarsu. Saboda haka ka riƙe "méi wèntí" da "zěnme le" na Mandarin a aljihu ɗaya, wato "ba matsala" da "me ya faru", sannan mu shiga Kantonis ɗin.

Zan rubuta kalmomin da tsarin Jyutping, wanda ƙungiyar masana harshe ta Hong Kong ta fitar a 1993, don shi za ka tarar a yawancin ƙamus na waya. Harafin j a cikinsa y ne, wato "jau" ana karanta shi "yau". Harafin z yana tsakanin j da ts namu, c kuma yana kusa da c ɗinmu amma da iska. Idan kalma ta ƙare da p ko t ko k, ba a sakin harafin, rufe baki ake yi a kansa a tsaya. Lambar da ke bayan kowace gaɓa karin sauti ce, kuma guda 6 ne: 1 sama a miƙe, 2 mai hawa har sama, 3 tsakiya, 4 can ƙasa mai gangarawa, 5 mai ɗan hawa daga ƙasa, 6 ƙasa a miƙe. Turawa suna shan wahala a nan. Kai Bahaushe ne, kunnenka ya riga ya san bambancin kukan yaro da miyar kuka, da gadon kwana da gadon magada. Namu karin uku ne, nasu shida, aikin da ke gabanka ƙari ne kawai a kan abin da kake da shi.

Tambaya ta farko, wadda za ka ji ta fi sau a ƙirga a rana, ita ce "me1 si6 aa3?" (咩事呀). Ma'anarta "mene ne?", "me ya faru?", ko "lafiya?" irin wadda muke yi wa wanda ya shigo a firgice. Ka yi sa'a, "me1" ɗin nan ma'anarsa "me", kamar a Hausa, sai dai namu ƙasa yake, nasu sama. "Si6" shi ne al'amari ko lamari. Idan ka ga taro a bakin titi, ko jirgin ƙasa ya tsaya ya ƙi tashi, kana iya tsawaita ta ka ce "faat3 sang1 me1 si6 aa3?", wato "me ke faruwa?". Idan mutum ne ya faɗi ko ka ga ransa a ɓace, sai ka ce "nei5 mou5 si6 aa1 maa3?", ba abin da ya same ka dai ko? Zai amsa da "mou5 si6", ba komai.

A nan zan ɗan dakata a kan "aa3" na ƙarshe, domin masu koyo suna yar da shi, suna ganin ado ne. Kantonis cike yake da irin waɗannan ƙananan kalmomi na ƙarshen zance, kuma aikinsu shi ne aikin "dai" da "fa" da "mana" da "kuwa" a wurinmu. Ka san tazarar da ke tsakanin "Me?" da "Me ya faru ne?". Wanda ya ce "me1 si6" ya datse, kamar ya ce "me kake so, ka dame ni". Wanda ya ƙara "aa3" ya tambaya cikin mutunci. Akwai kuma dalili na biyu. Mu idan za mu yi tambaya muryarmu takan ɗaga a ƙarshe. Idan ka ɗaga "si6" ya hau sama, ya koma "si2", ɗaya daga cikin ma'anonin wannan kuwa kashi ne. Ka bar "si" ɗinka a ƙasa, "aa3" ya ɗauki nauyin tambayar.

Wannan na mutane ne da abin da ya auku. Idan maganar kaya ce ko takarda ko inji, kalmar da kake nema "man6 tai4" ce (問題), matsala. Tare da ita za ka koyi ginshiƙin tambaya a harshen nan, wanda idan ka kama shi ka huta da haddar jimloli ɗari. Su ba sa cewa "akwai matsala?" su jira e ko a'a. Suna jera abu da kishiyarsa ne: akwai, babu, matsala? "Jau5 mou5 man6 tai4 aa3?" "Jau5" akwai, "mou5" babu. Cire "man6 tai4" ka sa duk abin da kake so. "Jau5 mou5 fo3 aa3?", akwai kaya a ƙasa? "Jau5 mou5 daan1 aa3?", akwai rasit? Da sauran kalmomin aiki kuma, "m4" ake sakawa a tsakiya, wani ɗan gunji ne da baki a rufe, shi ne "ba" ɗinsu. "Dak1 m4 dak1 aa3?", zai yiwu ko ba zai yiwu ba? "Ngaam1 m4 ngaam1 aa3?", daidai ne ko ba daidai ba? "Gau3 m4 gau3 aa3?", ya isa ko bai isa ba?

Tunda yadi ne sana'arka, ga biyu da ba za ka same su a littafin 'yan yawon buɗe ido ba. "Lat1 sik1" shi ne zubar launi, don haka "lat1 m4 lat1 sik1 gaa3?" na nufin yana zuba ko ba ya zuba. "Suk1 seoi2" shi ne yadi ya tsuke bayan wanki, sai ka ce "wui5 m4 wui5 suk1 seoi2 gaa3?". Sannan akwai wata magana da kowane ɗan kasuwar Hong Kong ya sani, "fo3 bat1 deoi3 baan2" (貨不對辦), kaya sun saɓa wa samfurin da aka nuna. Magana ce mai nauyi. Ka san ta, amma kada ka buɗe zance da ita.

Amsa kuma da kalmar aikin ake bayar da ita. Ka tambayi "jau5 mou5", za a ce maka "jau5" ko "mou5". Ka tambayi "dak1 m4 dak1", za a ce "dak1" ko "m4 dak1". Ka kasa kunne sosai a nan, don a cikin hayaniyar kasuwa "m4" ɗin nan yakan ɓace, mutum ya ce maka ba zai yiwu ba, kai kuma ka ji zai yiwu, ka ajiye kafin alƙalami ka tafi masauki da murna. Idan ka yi shakka, maimaita masa da girgiza kai ko gyaɗawa har ku daidaita.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi duk wannan muhimmanci. Jimlar da ta fi kowace yawa a bakin mai sayarwa ita ce "mou5 man6 tai4", ba matsala. Hausawanmu suna saurin kama ta, suna jin daɗinta, har ta zama abin raha a Xiaobei da Sanyuanli, unguwannin Guangzhou da 'yan kasuwar Afirka suke taruwa. To amma tambayar "akwai matsala ko babu" tambaya ce mai arha, amsarta a shirye take tun kafin ka rufe baki. Ba lalle ne mutumin yana yaudararka ba. Sau da yawa abin da yake nufi shi ne "na ji ka", ko kuma ba ya son ya ce maka a'a a gaban yaransa. Mu ma idan tela ya ce "ba damuwa, Alhaji" ana saura kwana uku Sallah, mun san yadda muke auna maganar. Maganin abin shi ne ka yi tambayar da "ba matsala" ba za ta iya amsa ta ba. Kalmomi huɗu ne za su yi maka wannan aikin: "bin1 dou6" ina, "gei2 si4" yaushe, "gei2 noi6" tsawon wane lokaci, "dim2 gaai2" don me.

A ce ka je sito duba kayanka kafin a loda kwantena. A takarda kwali 40 ne, ka ƙirga ka ga 36. Mai siton yana zaune da butar shayinsa, yara suna ta ɗaure kwalaye da salatif. Kada ka ɗaga murya daga bakin ƙofa. Matsa kusa da shi ka ce "lou5 sai3, m4 goi1", maigida, don Allah. Nuna masa takardar, ka ce "m4 gau3 sou3 wo3", lissafi bai cika ba fa. "Wo3" ɗin nan shi ne "fa" namu, jan hankali ne ba zargi ba. Zai ce "mou5 man6 tai4, mou5 man6 tai4". Sai ka bi shi da "gei2 si4 dou3 aa3?", yaushe za su iso? Idan ya ce "ting1 jat6", gobe, ka miƙa masa waya ko biro ya rubuta ranar. Da yamma ka aika masa saƙon murya ta manhajar WeChat: "di1 fo3 dou3 zo2 mei6 aa3?", kayan sun iso ko tukuna? Amsar ɗayan biyu ce, "dou3 zo2" sun iso, ko "mei6" tukuna. Ka lura da bambancin "mei6" da "mou5". Na farko akwai sauran rai a cikinsa, na biyu babu ne kawai.

Haka nan idan abu ya lalace. "Waai6 zo2" shi ne ya lalace, ya daina aiki, kamar waya ko inji ko na'urar sanyaya ɗaki. "Laan6 zo2" kuma ya fashe, ya karye ko ya yage. A Hong Kong, idan wayarka ta mutu, za a ce ka je titin Apliu a Sham Shui Po, inda masu gyara da masu kayan lantarki suke jere. Mai gyara "si1 fu2" ake ce masa, kamar yadda muke cewa oga ko malam ga mai sana'ar hannu. Ka ce "si1 fu2, m4 goi1 bong1 ngo5 tai2 haa5", taimaka ka ɗan duba mini. Bayan ya buɗe, "bin1 dou6 waai6 zo2 aa3?", ina ne ya lalace? Sai "zing2 m4 zing2 dou2 aa3?", zai gyaru? Sai "gei2 do1 cin2 aa3?", nawa ne, da "jiu3 gei2 noi6 aa3?", zai ɗauki wane lokaci. Idan ka dawo karɓa, "gaau2 dim6 mei6 aa3?", an kammala? "Gaau2 dim6" kalma ce mai daɗin ji, an gama, an warware. "Gaau2 m4 dim6" kuwa abin ya gagara.

Wannan "gaau2" ɗin yana da 'yan'uwa masu zafi da za ka ji a titi, kuma ina ba ka shawara ka san su don ka gane, ba don ka faɗa ba. "Gaau2 me1 aa3?" kamar "me kake yi haka ne, kai?" ne. "Jau5 mou5 gaau2 co3 aa3!" ita ce "haba, wane irin abu ne wannan!", ana yin ta idan an ga rainin hankali. Tsakanin abokai wasa ce, amma daga bakin baƙo zuwa ga mai shago neman faɗa ne. "Zou6 me1 aa3?" tana da fuska biyu: da murya mai laushi "me ya same ka?", da kakkausar murya "me kake nema a nan?". Wadda ta fi muni ita ce "gwaan1 nei5 me1 si6", ina ruwanka. Idan an yi maka ita, ka san zance ya ƙare. Masu koyo suna son irin waɗannan saboda suna sa mutane dariya, amma kai da dukiyarka a hannun mutum, dariyar ba ta da riba.

Suna da abin da suke kira "min2", fuska, mutunci ke nan a idon jama'a, kuma "bei2 min2" shi ne ka ba mutum girmansa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan launin da aka kawo ba shi ne ka zaɓa ba, hanyar da ta fi kawo gyara ita ce ka ajiye samfurinka kusa da bandir ɗin, ka ce "hou2 ci5 m4 hai6 hou2 ngaam1 wo3", kamar dai bai yi daidai sosai ba fa. Ko ka ce "hai6 mai6 jau5 di1 man6 tai4 aa3?", anya babu 'yar matsala? Ka bar masa ƙofar da zai ce kuskuren masana'anta ne ko na yaron sito. Sannan ka tambaya "ho2 m4 ho2 ji5 wun6 aa3?", za a iya canzawa? Idan ya ƙi, a lokacin ne "fo3 bat1 deoi3 baan2" take fitowa, kuma a lokacin ne ya kamata tafinta ya shigo.

Koyon tambaya rabin aiki ne, don amsar da za ta dawo ba a bakinka take ba. Ga waɗanda za ka riƙa ji. "Jing1 goi1 mou5 man6 tai4", ya kamata a ce ba matsala: wannan "jing1 goi1" ɗin shakka ce aka yi wa kwalliya. "Tai2 haa5 sin1", bari mu gani tukuna. "Zeon6 loeng6 laa1", za mu yi iya ƙoƙari, wadda sau da yawa take nufin kada ka sa rai. "Caa1 m4 do1", kusan ɗaya ne, amsar da ake ba wanda ya yi ƙorafin launi ko tsawo. A sana'arka kusan ɗaya ba ɗaya ba ne, matan Kano za su gane bambancin tun daga nesa. "Hou2 naan4 gong2", da wuyar faɗa. "M4 gwaan1 ngo5 si6", ba ruwana. Sai babbarsu, "mou5 baan6 faat3", babu yadda za a yi. Idan ka ji wannan, kada ka tashi. Ka ce "gam2 dim2 syun3 aa3?", to yanzu yaya za a yi? Ka yi shiru ka jira. Tambayar tana mai da nauyin neman mafita a kansa ba tare da ka zarge shi ba, kuma sau da yawa daga nan ne ragi ko canji yake fitowa.

Idan maganar ta yi maka sauri, "ngo5 m4 ming4", ban gane ba. "Gong2 maan6 di1", yi a hankali. "Gong2 do1 ci3", sake faɗa. Ka sa "m4 goi1" a gaban kowace. Kuma kada ka rikice idan ka ji suna cewa "lei" a maimakon "nei5", ko "o" a maimakon "ngo5". Haka yawancin mutanen Hong Kong suke furtawa yau.

Na jiki da na ciki ba su da yawa. Likita ko mai kemis zai tambaye ka "bin1 dou6 m4 syu1 fuk6 aa3?", ina ne ba ka jin daɗi? "Tau4 tung3" ciwon kai, "tou5 tung3" ciwon ciki, "faat3 siu1" zazzaɓi. Idan zazzaɓi ne, ka tabbata an gaya wa likitan cewa daga Afirka ka zo, don maleriya ba ita ce farkon abin da zai zo masa a rai ba. Abu ya ɓata, "m4 gin3 zo2". Fasfo "wu6 ziu3". Neman agaji da ihu "gau3 meng6". Lambar gaggawa a Hong Kong 999 ce, a Guangzhou kuwa 110 'yan sanda, 120 motar asibiti. A wurin abinci ginshiƙin nan na ɗazu zai sake yi maka aiki: "jau5 mou5 zyu1 juk6 aa3?", akwai naman alade? Ka ƙara da "zyu1 jau4", kitsensa, don girkin mutanen Guangdong da Hong Kong yana amfani da shi har a cikin burodi da kek, inda ba za ka yi zato ba. Mafi sauƙi dai ka nemi alamar 清真, halal ke nan, ana karanta ta "cing1 zan1". Xiaobei cike take da irin waɗannan gidajen abinci, haka ma ginin Chungking Mansions da ke titin Nathan a unguwar Tsim Sha Tsui ta Hong Kong, kuma masallacin Kowloon yana kan titin, tafiyar ƙafa kaɗan.

Game da yadda za ka koya, kada ka dogara da wannan rubutun shi kaɗai, karin sauti da kunne ake ɗaukarsa. Ƙamus ɗin waya na Pleco yana da Jyutping da murya. Google Translate ya ƙara Kantonis a 2024, amma yana aiki ne a Hong Kong, a Guangzhou a toshe yake. Ka kuma sani cewa Sinancin da ake rubutawa a takardar ciniki ba shi ne Kantonis na baka ba, don haka yarjejeniya da adadi da ranar lodi a rubuta su da Sinancin takarda da lambobi, tafinta ya duba. Kafin ka tashi, zaɓi jimloli goma daga cikin waɗannan, ka fara da "jau5 mou5", "gei2 si4", "bin1 dou6" da "dim2 syun3". Idan ka sauka, ka roƙi wani ɗan gari a masaukinka ya faɗa maka su a waya ka naɗa, kowace sau biyu, ɗaya a hankali ɗaya yadda ake yi a kasuwa. Ka riƙa saurara kana maimaitawa bayan sallar asuba, kafin shaguna su buɗe.